Igiyar da Tsohuwa Ta Riƙe

Gara in faɗi aibina da bakina kafin wani ya riga ni: ni mutum ne da bai iya cewa "ban gane ba". Shekara ashirin da shida ina koyar da tarihin tsoffin Girkawa a makarantar sakandare, sana'ar ce ta bar mini wannan ciwon. Ko hanyar garin da ban taɓa zuwa ba ka tambaye ni, sai na yi maka kwatance har da inda za ka sha mai.

Wannan halin ne ya sa Themelina ta miƙe tsaye a zauren coci, wata Lahadi da la'asar, a gaban mutum talatin da ɗoriya, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Maimaita, Malam Nomikos."

"Me... me zan maimaita?"

"Abin da ka faɗa yanzu. Maimaita shi kana kallon idona!"

Zaure ya yi tsit. Har tsofaffin da suka zo don kofi da biskit suka daina tauna.

Bari in koma baya kaɗan.

A Tarpon Springs, garinmu na Girkawa da ke bakin teku, kowa ya san Themelina mai gidan burodi, kowa kuma ya san labarinta. Mijinta Sakellaris mai nutso ne, yana ciro soso daga ƙasan teku, kamar ubansa da kakansa. Shekara takwas ke nan da ya nutsa a teku bai fito ba. Ba a ga gawa ba. Uwarsa Sevasti, wadda muke kira Kiriya, wato Uwargida, ta ce tunda ba ta ga gawa ba ɗanta bai mutu ba. Ta hana a dafa masa koliva, alkamar da muke dafawa mu raba a coci don mamaci. Ta hana a sa sunansa cikin addu'ar waɗanda suka riga mu. Themelina tana zaune gida ɗaya da ita, ba ta sa baƙi irin na wadda mijinta ya rasu, ba ta kuma sa kala irin na matan aure. Ruwan toka take sawa, rani da damina.

Ni kuwa shekara biyu ina sayen burodi kullum safiya, ni da likita ya hana cin burodi. Kajin maƙwabciyata sun yi ƙiba a kan soyayyata.

Na taɓa yi mata maganar aure sau ɗaya, a bakin tashar jiragen soso. Ta daɗe tana kallon ruwa, sannan ta ce, "Nomikos, ni ba matar wani ba ce, ba kuma sakakkiya ba. Wa za ka aura?"

To, ranar Lahadin nan ni na zaɓo fim ɗin, domin ni ke kula da majigin da muke yi bayan an tashi daga coci. Na ɗauko faifan a laburare don kawai kwalinsa ya burge ni. Fim ne na wata ƙasa mai sanyi, ana rubuta maganarsu a ƙasa. Da farko an nuna wani magidanci yana gyara ƙyauren gidansa, matarsa tana masa dariya. Bayan minti ashirin ya fita, ba a sake ganin fuskarsa ba. Sai dai can a riƙa nuno bayan rigarsa cikin layin mutane a bakin wani kogi, suna jiran jirgin fito. Kowa ya haye, shi yana nan. Matar kullum tana ajiye masa faranti. Wasu mata shida suna zaune a kan benci suna tsegumi. A mashigin kogin kuma akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa cewa uffan ba, tana riƙe da igiya, ba a nuna abin da ke ɗaure a ƙarshenta. Sa'a biyu a haka. A ƙarshe matar ta wanke farantin, allo ya yi baƙi.

Da aka kunna fitila, sai aka hau ni.

"Malam, mijin guduwa ya yi ko mutuwa?"

"Ni dai a maido mini la'asar ɗina!"

Kyaftin Skevos ya miƙe ƙafafu daga kujerar baya. Shi ne mai jirgin da Sakellaris ya nutsa daga cikinsa. Ƙato ne mai gashin baki, duk Juma'a yana kai wa Kiriya Sevasti kifi, kuma duk garin an san ba don tsohuwar yake sa sabon turare ba.

Ya ce, "Ku bar mai ilimi ya fassara mana. Ai mu jakuna ne."

Gaskiyar magana, ban fahimci komai a fim ɗin ba. Da na faɗi haka da an yi dariya an watse. Amma Skevos yana murmushi, Themelina tana layi na uku, sai na gyara tabarau.

Na ce, "Ai abin a fili yake. Kakanninmu na dā, in za su yi wasan baƙin ciki, ba sa nuna mutuwa a dandali. A bayan fage take faruwa, sannan ɗan aike ya shigo ya ba da labari. A fim ɗin nan mutumin ya mutu tun minti na ashirin, ɗan aiken ne bai zo ba."

Wani ya ce, "Layin fa?"

"Sun yi imani cewa wanda ba a binne ba, ba a yi masa kuka ba, ba ya haye kogin matattu. A gaɓa yake tsayawa. Matan benci su ne 'yan amshi, bakin gari. Tsohuwa mai igiya ita ce Mutuwa da kanta."

Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Wannan shi ne giyata, gyaɗa kai. Sai na ƙara wuta.

"Kuma ku lura, matar ba muguwa ba ce. A irin wannan wasan ba mugunta ke kayar da mutum ba, kuskure ne, kamar maharbin da ya auna daidai kibiya ta kauce. Ƙaunarta ce ta tsare shi a bakin kogi. Duk farantin da ta ajiye, kwana ɗaya ta ƙara masa a layi."

Na rantse na manta wadda ke layi na uku. Ko kuwa ban manta ba? Har yau in na tambayi kaina, sai kaina ya canza magana.

Shi ne ta miƙe.

"Wato ni na tsare shi?"

"Lina, fim nake..."

"Kar ka ce mini Lina a nan! Ka tara gari, ka kashe fitila, ka kunna musu rayuwata, sannan ka tsaya kana musu darasi a kaina?"

"Wallahi ba haka..."

"Kana gaggawar a haye da shi ne don layi ya zo kanka?"

Ta ɗauki jakarta ta fice. Ƙofar ta daɗe tana lilo.

Skevos ya tashi yana kaɗa hula. Da ya zo wucewa ya dafa kafaɗata.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Karatu ya yi rana."

Kafin rana ta faɗi ya isa gidan Kiriya Sevasti. An ce mini cewa ya yi, "Kiriya, malamin nan ya binne ɗanki yau a zauren coci, ba Fada, ba akwati."

*

Litinin da safe na je gidan burodi. Na bari layi ya ƙare.

Ba ta ɗago ba, ta ce, "Me za a ba ka?"

"Gafara."

"Ba ma gasa ta a nan."

"Lina tawa..."

"Akwai mai riɗi, akwai marar riɗi."

"To ba ni marar riɗi, in tsaya a nan in ci a gabanki, sukarina ya hau, in faɗi. Ni dai za a ga gawata."

Na yi zaton za ta jefe ni da wani abu. Ba ta jefe ni ba. Ta zagayo ta juya allon ƙofa zuwa "an rufe", ta jingina da bango, ta rufe fuska da gefen rigar aikinta.

"Ka san abin da ya fi ƙona ni?" ta ce. "Ba ni ke ajiye farantin ba."

Na yi shiru. Wannan ma ci gaba ne a wajena.

"Mama ke ajiyewa. Ni wankewa nake yi. Shekara takwas ina wanke farantin da ba a ci komai a ciki ba, in goge, in mayar. Na san ya mutu, Nomikos. Tun ranar da jirgi ya dawo ba shi na sani. Takardar kotu ta shaidar mutuwarsa tana cikin akwatina shekara uku, ko buɗe ta ban sake yi ba."

"To me ya sa..."

"Don matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni! Ranar da na sa baƙi, ni na kashe mata ɗa. Ranar da na sa farin aure, na kashe shi sau biyu. Ka ce in yi?"

"Ban ce ba, zuciyata."

"Ka ce mana. A gaban mutum talatin."

"Ban ma gane fim ɗin ba," na ce a hankali.

Ta sauke rigar daga fuskarta.

"Me ka ce?"

"Ko kaɗan. Ƙirƙira na yi ina tafiya."

Ta kalle ni, hawaye a kumatu, dariya tana neman ƙwace mata.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ga shi Mama ta ce kar in ƙara sayar maka ko ɓawon burodi. Ta ce in ta sake jin sunanka a gidanta, in zaɓa, ko ita ko kai."

"Wa za ki zaɓa?"

"Ita."

Ta faɗa ba tare da jinkiri ba. Ta naɗe mini marar riɗi, ta tura mini.

"Na ƙarshe ke nan. Je ka, don Allah... kafin in fasa."

Kwana uku kajin maƙwabciyata suna kallona ta shinge, ina kallonsu.

*

Alhamis wayata ta yi ƙara. Muryar tsohuwa ce, busasshiya kamar soson da ya shekara a rana.

"Kai ne ɗan Kalotina mai surutu?"

"Ni ne, Kiriya."

"Gobe da azahar ka zo mini da abin nan da ka binne ɗana da shi. Zan gani da idona."

Na je da kwat, cikin zafin da ke narka kwalta. Na tarar Skevos ya riga ni, kifinsa a naɗe cikin takarda a kan cinya. Ya zo kallon yadda za a yanka ni, har kujera mai kyau ya zaɓa. Themelina tana tsaye a ƙofar kicin. A kan teburin cin abinci faranti uku ne, na ukun a kife.

Kiriya Sevasti ba ta amsa gaisuwata ba. Shekararta tamanin da ɗaya, ƙarama ce kamar tsuntsuwa, amma ko Fada sai ya gyara tsayuwa in ta shigo coci.

"Kunna."

Na kunna. Ban taɓa ganin mai kallon fim irinta ba.

"Wannan ƙyauren ba zai yi shekara ba. Dubi yadda ya buga ƙusa."

Can kuma, "Miya ce wannan ko ruwan wanki? Ba dole miji ya fita ba."

Da aka nuno matan benci ta ce, "Waɗannan na san su. Suna zama bayana a coci."

Skevos yana ta ƙyaƙyata dariya yana kallona. Da aka fara nuno farantin, tsohuwar ta daina magana. Aka nuno layi a bakin kogi, aka nuno bayan rigar. Sannan aka kawo tsohuwa mai igiya, kusa sosai, har ana ganin jijiyoyin hannunta.

"Tsayar!"

Na tsayar.

"Wace ce wannan?"

Na gyara murya. "Kiriya, a fahimtar kakanninmu, wannan Mutuwa ce, ko kuma a ce ƙaddara, domin..."

"Karatun banza."

Skevos ya buga cinya, kifin ya kusa faɗuwa.

"Dubi hannunta," ta ce. "Kai ma Skevos, rufe baki ka duba. Me ka gani?"

Ya daina dariya, ya matso kusa da allon.

"Zagaye biyu a wuyan hannu," ya ce a hankali. "Yatsa ɗaya a kan igiya."

"Yatsan na mene ne?"

"Na jin motsi."

Ta juyo wajena. "Ubana shekara talatin yana riƙe wa masu nutso igiya. Haka ake riƙewa. In na ƙasa ya ja sau ɗaya, lafiya. In ya ja sau uku, a fito da shi. Mutuwa me za ta yi da jin motsi, kai malami? Mutuwa tana jiran a ja mata igiya ne?"

"A'a, Kiriya."

"Uwarsa ce."



"Kuma mai igiya ba ya saki," ta ci gaba, idonta a kan allon. "Ko hannu ya tsage. Ko ya san ba kowa a ƙasa. Ba shi da ikon saki sai kyaftin ya ce masa saki. Haka dokar take tun daga Kalymnos, tsibirin kakanninmu."

Ta ɗauke ido daga allon. Sai ta ce, "An ce ka yi maganar wani ɗan aike."

Na kalli Themelina. Ta girgiza mini kai, wato in yi hankali. A karo na farko a rayuwata na yi bayani gajere.

"A wasannin dā, in mutum ya mutu a inda ba a gani, wanda ya gani shi ke zuwa. Ya tsaya a gaban iyalin, ya faɗi yadda aka yi tun daga farko har ƙarshe. Ba ya ragewa don tausayi. Kuma sai ya faɗi kalmar mutuwar da bakinsa."

"In bai zo ba fa?"

"Wasan ba ya ƙarewa."

Ta gyaɗa kai. Wannan gyaɗawar ba ta yi mini daɗi irin na kullum ba. Ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Skevos.

"Shekara takwas kana kawo mini kifi."

"Ai ba komai, Kiriya, haƙƙin..."

"Ranar da ka dawo da jirgi, me ka ce mini a bakin ƙofar nan?"

"Na ce... ba mu same shi ba tukuna."

"Tukuna."

"Kiriya, ban so in..."

"Ajiye kifin. Tashi tsaye. Cire hula."

Na sha ganin Skevos yana daka wa ƙarti tsawa a tasha. Ranar kuwa ya ajiye kifin, ya tashi ba musu. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana murza hula.

"Mama, ki bari..." in ji Themelina.

"Zo ki zauna kusa da ni, 'yata. Ke ma ba a faɗa miki ba."

Ta zo ta durƙusa a gefen kujerar. Tsohuwar ta kama hannunta.

"Muna jinka, Kyaftin."

"Kwananmu tara a teku," ya fara, muryarsa a dishe. "Mun sami wuri mai soso da yawa, zurfin ya kai ƙafa sittin. Nutsonsa na uku ke nan a ranar. Na ce ya bari sai gobe, ruwa ya fara ja. Ya yi dariya ya ce saura buhu ɗaya. Ya sauka. Minti ashirin yana ja mana sau ɗaya, lafiya, lafiya. Sai igiyar ruwa ta juya jirgin. Tiyon iskarsa ya shiga ƙarƙashin dutse..."

"Ci gaba."

"Ya ja sau uku. Muka ja. Wallahi mun ja, Kiriya! Mu huɗu muka ja. Sai muka ji nauyi ya tafi. Tiyon ya fito a yanke. Igiyar ta fito da buhunsa ɗaure a jiki, cike da soso. Ya kwance ta daga ƙugunsa ne don ya kuɓuta daga dutsen, ya ɗaura wa buhun. Na sauka da kaina. Kwana huɗu muna nema. Ruwan wurin yana gudu kamar kogi."

"Mutum yana kai minti nawa a can ba iska?"

"Biyu. Uku in ya daɗe."

"Ba jirgin da ya tsince shi? Ba tsibirin da ya fita?"

"Babu, Kiriya. Ni na bar ki kina faɗin haka. Na ji tsoron idonki."

"To faɗi."

Ya ɗago ya dube ta.

"Sakellaris ya mutu. Ɗanki ya mutu ranar, da rana tsaka, a hannuna."

Ta lumshe ido. Hannunta na dama yana kan cinya a dunƙule.

"Kai ne kyaftin," ta ce. "Ba ni umarni."

Skevos ya fashe da kuka kamar yaro.

"Saki igiyar, Kiriya Sevasti. Saki."

Ta buɗe hannun a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta saki wata irin ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta kira shi da sunan da take kiransa yana jariri. Themelina ta rungume ta, suka yi ta yi. Skevos ya durƙushe a ƙasa. Ni da ba a kasa da ni ba na fi kowa ɓarkewa.

Shekara ashirin da shida ina koya wa yara cewa amfanin wasan baƙin ciki shi ne mutane su ji tsoro tare, su ji tausayi tare, su fita a wanke. Ina rubuta shi a allo, ina ja masa layi. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa abin da majina yake zuwa.

Da aka lafa, tsohuwar ta share fuska, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma kukan me kake? Ka san shi ne?"

"Na koyar da shi a aji uku, Kiriya."

"Yana da ƙoƙari?"

"Ko kaɗan."

Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da shessheƙa.

"Gaskiya ne. Themelina, akwai alkama a gidan nan?"

"Babu, Mama."

"Malam zai sayo. Tunda ya iya binne mutane, ya iya ɗauko buhu."

*

Ranar Asabar suka dafa koliva. Ni aka ba ɓare rumman, na ɓata kwat ɗina. Suka shanya alkamar a kan farin zane, suka haɗa da zabibi da riɗi da kirfa, suka rufe da garin sukari, tsohuwar ta rubuta harafin sunansa a kai da hannunta. Lahadi Fada ya ambaci Sakellaris cikin waɗanda suka riga mu. Coci ya cika har waje. Matan da ke zama bayan Kiriya Sevasti sun ci kofi bibbiyu.

Bayan nan muka gangara tasha. Na taɓa gaya wa tsohuwar cewa mutanen dā, in teku ta ci nasu, sukan tsaya a gaɓa su kira sunansa sau uku don ya san hanya. Ta tambayi Fada ko haramun ne. Ya ce shi zai je duba motarsa, ba ya jin komai daga can.

Ta kira sau ɗaya. Themelina ta kira na biyu. Na ukun suka ba Skevos.

Ranar ce Themelina ta fara sa baƙi. Ku yafe mini, jama'a, na san ba a faɗin haka a wurin makoki, amma ban taɓa ganin ta yi kyau irin na ranar ba. Tafiyarta ma ta canza, kamar wadda ta sauke tulu.

Da za a watse tsohuwar ta kama hannun rigata.

"Kwana arba'in za ta yi cikin baƙi. Ko inuwarka kar in gani a layinmu."

"To, Kiriya."

"Ranar arba'in da ɗaya ka zo da wani babba a danginku. Ka sa rigar da ba rumman a jiki. Kuma ka bar shi ya yi maganar, kai ka yi shiru."

Ranar arba'in da ɗaya, tun kafin a buɗe, tun ban ma je ɗauko babban dangin namu ba, ina ƙofar gidan burodi. Ta fito da riga shuɗiya mai ɗigon fari. Na shirya jawabi mai shafi biyu, da misalai.

"Lina, tun zamanin da..."

"Nomikos."

"Na'am, hasken idona?"

"In ka ambaci kakanninmu, na fasa."

Na ninke takardar.

"Za ki aure ni?"

"Ka ga? Kalma huɗu. Ashe kana iyawa!"

"Ba ki amsa ba..."

"Zan aure ka, mai surutuna. Wa zai cece ka daga bakinka in ba ni ba?"

Aka ɗaura bayan Ista. Kiriya Sevasti ta yanke hukuncin cewa Skevos ne zai riƙe mana kambin aure a coci, ta ce wannan ne tararsa. Ya riƙe, yana zumɓura baki, ya taka mini ƙafa sau biyu, na tabbata da gangan. Har yanzu yana kawo kifi ranar Juma'a, sai dai ya daina sa turare. Tsohuwar tana zaune tare da mu. Faranti uku ne a tebur, duka ana ci a ciki. Takan gaya wa baƙi cewa surukinta malami ne amma ita ta koya masa kallon fim, ni kuma in ce haka ne, domin haka ne.

Labarin ya zaga gari. Sau biyu ana roƙona in sake nuna fim ɗin a zaure, mutane suna kuka tun daga wurin ƙyaure. Na rubuta bayanina da na tsohuwar a jaridar coci, shafi huɗu. Har na sayi faifan nawa na kaina.

Kwanan baya, wata Asabar da hantsi, Themelina tana goge kantar littattafai sai kwalin faifan ya faɗo, wata 'yar takarda ta zamo daga ciki. Hira ce da wanda ya shirya fim ɗin. Ban taɓa lura da ita ba. Ta zauna ta karanta, na ga kafaɗunta suna rawa, ta miƙo mini ba ta ce komai ba.

Mutumin ya ce jarumin ya yi faɗa da shi a kwana na tara da fara ɗauka, ya hau jirgin ƙasa ya tafi, shi ya sa suka sa wa direbansu rigar suna ɗaukarsa ta baya. Tsohuwar kuma ba 'yar wasa ba ce, a mashigin suka same ta, ta ƙi tashi. Akuyarta ce ɗaure a ƙarshen igiyar.